Shirun Ɗalhatu

Gwammaja, Kano
3 ga Maris, 2019

Zuwa ga ɗana Ɗalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Asama'u da yaran. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar nan tawa da ta mayar da ni mai sallah a kan kujera. Likita ya ce in rage gishiri. Na ce masa ni da na yi ritaya a shugabancin makarantar firamare da raina, abin da yaran Gwammaja ba su kashe ba gishiri ba zai kashe ba.

Na ba maƙwabcinmu Alhaji Badaru wannan takarda ya kawo maka da hannu, tunda kusan duk wata yana shigowa sarin yadi. Ba na son maganar ta bi waya. Kiran intanet ma ba ya shiga a ƙasar taku, saƙon murya kuwa yau ka tura wa mutum ɗaya, gobe ka ji ana kunna shi a gidan suna.

Ga abin da ya sa na rubuto. Autata Aisha ta gama karatun ungozoma, kuma wani yaro ya fito. Sunansa Mubashir Shu'aibu, 'yan Fagge ne, yana aiki a wani kamfanin kago, masu tura kaya ta jirgi, a unguwar Deira ta Dubai, an ce min nan kusa da ku ne. Bara da ya zo hutu suka haɗu a bikin wata ƙawarta. Danginsa sun kawo kayan na gani ina so, an karɓa, an ce su ba mu lokaci mu yi bincike. Na nan gida an gama shi. Gidan mutunci ne, mahaifinsa ya rasu, baffansa Alhaji Sanda ne tsaye a kansa. Amma yaron ya daɗe a can, kuma abin da mutum yake yi a inda idon uwarsa bai kai ba, shi ne halinsa.

Aisha ta ce ya gaya mata ya san ka, har Yaya yake ce maka. Na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ka rubuto min komai: sallarsa, abokansa, inda yake kwana, da abin da yake sawa a bakinsa. Kada ka yi min kwana-kwana irin ta 'yan boko, ni ma bokon na yi kafin a haife ka. Mahaifinka ɗan baffana ne, amma ka san ban taɓa ɗaukarka ɗan nesa ba, shi ya sa na tsallake kowa na zo wurinka.

Gwaggonka,
Halimatus Sa'adiya

*

Abu Hail, Dubai
20 ga Maris, 2019

Gwaggo,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso. Alhaji Badaru ya kawo min har otal ɗin da nake aiki, ya kuma tsaya sai da na buɗe ta a gabansa, kamar an ce masa ya tabbatar na haɗiye magani. Muna lafiya. Asama'u tana gaishe ki. Ƙaramin ne kawai yake fama da tari, sanyin na'urar ɗaki ne, babu yaron da yake tsira daga shi a garin nan. Juma'ar da ta wuce ma mun kai su Hatta su ga duwatsu da ruwan dam, su shaƙi iskar da ba ta inji ba. Na ba Alhaji man shafawa na gwiwa, a riƙa murzawa safe da yamma. Maganar gishiri kuma ki bi likita, yaran makaranta ba sa shiga jini.

Na yi murna da labarin Aisha. Jiya-jiya nake saɓa ta a wuya in kai ta sayen alewa, yau ga ta tana karɓar haihuwa. Allah ya sanya albarka.

Sai maganar Mubashir. E, na san shi. Hausawan Dubai ba mu kai yawan da wani zai ɓace wa wani ba, masallacin Juma'armu ɗaya ne, kuma ya taɓa cin tuwo a gidana. Sai dai ina roƙonki, Gwaggo, ki cire sunana daga cikin waɗanda za a tambaya. Ban ce miki e ba, ban ce miki a'a ba. Cewa na yi ba ni ya kamata in yi wannan aikin ba, kuma ki yi min uzuri ba tare da kin nemi dalili ba.

Akwai waɗanda za su ba ki amsa. Alhaji Zailani shi ne mai kamfanin da yake yi wa aiki, mutumin Kano ne, Alhaji Badaru ya san ofishinsa. Akwai samarin da suke zaune a fulat ɗaya da shi. Akwai malamin da yake mana karatu ranar Asabar. A tambaye su. Sannan ku yi istihara, Allah ya zaɓa wa Aisha abin da ya fi alheri.

Ɗanki,
Ɗalhatu

*

Gwammaja, Kano
9 ga Afrilu, 2019

Ɗalhatu,

Sallama da gaisuwa. Man ya iso, yana da ƙamshi, gwiwa kuma tana nan yadda take. Allah ya ba yaron lafiya, ku kuma daina sa shi a firji kuna cewa ɗaki ne.

Na karanta takardarka, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Kai ɗan Kano ne, ko an canza ka a jirgi? Tun kakanni, in aka je bincike wurin mutum ya ce "ku yi istihara" ya ja bakinsa ya yi gum, kowa ya san ya gama magana, sai a tattara kaya a mayar. Mai shaidar alheri ba ya jira a gama tambaya. To ko dai ka san wani abu kana ɓoye min, ko kuwa zama cikin Larabawa ya mantar da kai yadda ake magana da mutane. Zaɓi ɗaya ka gaya min.

Badaru ya je wurin Alhaji Zailani. Ya yabi yaron, ya ce bai taɓa ɓatar masa da takardar kwantena ko ɗaya ba. Madalla. Ni ba kwantena zan ba shi ba. Ubangida rana ya sani, ni kuwa bayan an tashi daga aiki nake tambaya.

Ka san abin da ya sami yayarta Ummi Kulsum. Duk waɗanda muka tambaya a kan mijinta cewa suka yi yaron kirki ne, ashe sun san kwalabe yake sha, kowa yana gudun a ce shi ya ɓata aure. Ta dawo min da goyo a baya, da haƙoranta biyu a ƙulle a bakin zani. A ranar na rantse ba za a sake yi min haka ba ina numfashi.

Ka je ka tambayi duk malamin da ka yarda da shi. Wanda aka nemi shawararsa amana aka ɗora masa, kuma faɗin aibin mai neman aure ba gulma ba ce, wajibi ne.

Ban so in tuna maka ba, amma kai ka ja. Lokacin da kodin ya mayar da kai abin nuni a unguwa, mahaifinka ya kore ka, ɗakin wa ka kwana? Wa ta riƙa wanke amanka tana rufe taga don kada maƙwabta su ji ihunka? Da dangin Asama'u suka zo bincike, ni suka samu. Na dube su ido cikin ido na ce taifot ne ya kwantar da kai a gidana. Na yi ƙarya saboda kai, don kai nawa ne. Yau gaskiya kawai nake nema a wurinka, a kan wanda ba naka ba, ka tsaya kana min fulako.

Ina jiran amsa da dawowar Badaru.

Gwaggonka

*

Abu Hail, Dubai
28 ga Afrilu, 2019

Gwaggo,

Na gaishe ki. Tarin yaro ya lafa, alhamdu lillahi. Ga azumi ya ƙarato, zafi kuma ya fara, Allah ya nuna mana da rai da lafiya.

Ban manta ɗakinki ba, kuma ba zan manta ba har a sa ni a rami. Abu ɗaya kawai zan gyara. Asama'u ta sani kafin a ɗaura. Ni na gaya mata da bakina a soron gidansu, ta yi kuka, ta ce in ba ta lokaci, daga baya ta aiko cewa ta ji ta gani. Da daga bakin wani ta ji, da yau ba ta gidana.

Tunda kin nace sai kin ji dalili, ga shi. Kin san tun zuwana ƙasar nan ina halartar wani zama na mutane irina, waɗanda suka bar shaye-shaye kuma suke son su mutu a kan barin. Akwai Balarabe, akwai Ba'indiye, akwai Bature, akwai namu. Duk sabon zuwa yana zaɓar wanda ya riga shi nisa ya riƙe masa hannu. Shi zai kira in zuciya ta fara raya masa, shi zai gaya wa abin da bai gaya wa uwarsa ba. Ina riƙe da wasu. Sharaɗin guda ne: abin da aka faɗa a wurin a wurin yake mutuwa, har da sunan wanda ya zo. Ba don kunya kaɗai ba. A ƙasar nan in sunan ƙwaya ya manne wa baƙo, aikinsa ya tafi, in aiki ya tafi kuwa biza ta bi shi, ko da ya yi shekaru bai taɓa komai ba.

Shi ya sa na yi wa kaina doka. Ba na shaidar aure a kan kowane Bahaushe a Dubai, da mai zuwa zaman da wanda bai taɓa jin labarinsa ba. In na yabi na waje na yi shiru a kan na ciki, shirun nawa ya zama tallar asiri. Saboda haka kada ki karanta komai a cikin shiruna. Ko a kan limaminmu kika tambaye ni, amsar da za ki samu ke nan.

Na je wurin malami kamar yadda kika ce. Ya faɗi abin da kika faɗa, sannan ya ce riƙon amana ma wajibi ne. Ya bar ni da wajibai biyu a hannu ya tashi ya tafi alwala. Na daɗe ban shiga damuwa irin wannan ba, Gwaggo, kuma ba na jin daɗin saɓa miki.

Ga abin da zan iya. Aisha ƙanwata ce, in na ga za a jefa ta a rami ba zan naɗe hannu ina kallo ba. Ki dakatar da sa rana zuwa Disamba, lokacin hutunsa. Ya zo, ta zauna da shi ta tambaye shi duk abin da take so, ke ma ki tambaye shi. Mutum shi ya kamata ya ba da labarin kansa. Haƙurin 'yan watanni kawai nake roƙo.

Ɗanki,
Ɗalhatu

*

Gwammaja, Kano
24 ga Yuni, 2019

Ɗalhatu,

Barka da shan ruwa, barka da sallah, duk da sun wuce. Muna lafiya, damina ta kankama, rufin kicin yana yoyo. Ka ga na yi shiru tun kafin azumi. Ba fushi nake ba, aiki nake yi.

Bari in fara da dokarka. Abdulganiyyu ɗan Hajiya Sauda ta Kurna, wanda yake aiki a can, da zai yi aure wa ya yi masa shaida har da rantsuwa? Uwarsa ta nuna min saƙonka a wayarta. Ashe dokar taka tana zaɓen kai.

Sai Badaru. Ban ce ya bi ka ba, cewa na yi ya buɗe ido. Ka manta shagunan da yake sarin yadi a Bur Dubai suke? Ya ce ranar wata Talata da yamma ya gan ku kun fito daga wani bene, kai da yaron, da wasu Indiyawa, da wani Bature mai zane a hannu. Kuka sha shayi a tsaye, kuka shiga kwale-kwalen nan da ake haye ruwa da shi, ka dafa kafaɗarsa kana masa magana ƙasa-ƙasa. Da ya sake zuwa bayan sallah ya koma wurin ranar Talata, ya sake ganinku. Ya tambayi mai gadin benen, ya ce shi dai ya san ana jera kujeru a zagaye a rufe ƙofa, ba sallah ake ba, ba ciniki ake ba. Ku kun ɗauka Dubai birni ce da mutum zai ɓuya a cikinta. Ga Bahaushe, Dubai layi biyu ce a Kantin Kwari.

Kai da kanka ka ba ni labarin zamanku da riƙon hannu. Sauran lissafin ko ɗan aji uku zai yi shi.

Shekaranjiya Asabar kawunnan Aisha suka mayar da kaya Fagge. Alhaji Sanda ya ƙi karɓa, ya taso da kansa da jama'arsa har zauren gidana. Ya ce ba a mayar wa gidansu kaya babu dalili, ko dai a faɗa, ko kaya su zauna. Kawunnan suka fara inda-inda, maza ke nan. Na leƙo ta bayan labule na ce, "Alhaji, ɗanku ɗan ƙwaya ne, magani yake karɓa a Dubai."

Ya ce, "Hajiya, wa ya faɗa?"

Ka san ba a jefa irin wannan magana babu mai ita. Badaru ya riga ya roƙe ni kada in ambace shi, yana da hulɗar kasuwa da su. Sai na ce, "Ɗanmu Ɗalhatu, wanda yake riƙe da shi a wurin, shi ya tabbatar mana." Alhaji Sanda ya miƙe da jama'arsa. Suka kwashi kayansu suka fita ko sallama babu.

Na san za ka ce ba ka faɗa ba. Ka faɗa da shiru, ka faɗa da "ku yi istihara", ka faɗa da "ki jira Disamba". Ni fassarawa kawai na yi. Aisha tana ta kuka, za ta gaji ta daina. Kai kuma na yafe maka wahalar da ka ba ni.

Gwaggonka

*

Abu Hail, Dubai
28 ga Yuli, 2019

Gwaggo,

Gaisuwa wajibi ce, na gaishe ki. Lafiyar jiki muna da ita.

Takardarki ta zo ta tarar labarin ya riga ta. Kin yi magana a zaurenki ranar Asabar da hantsi, kafin la'asar tana yawo a wayoyin 'yan kago na Deira. Ni a bakin wani mai ɗaurin kaya na fara jin cewa na tona asirin mutum.

Alhaji Zailani, wanda ya yabe shi kika raina yabon, ya kira shi ofis washegari. Bai tambaye shi gaskiya ne ko ƙarya ba. A gaban ma'aikata ya ce masa, "Habibi, ni kwantena nake turawa. In aka ji mai riƙe min takardu yana da wannan suna, duk kayana sai an zazzage su a tasha. Khalas, shi ke nan, ka je ka huta." Aka soke bizarsa. Abokan zamansa suka ce ya nemi wani wurin kwana, kada wata rana a zo nemansa a haɗa da su.

Na kira shi na kira, bai ɗauka ba. Ranar Juma'a bayan an sallame na tare shi a ƙofar masallaci na miƙa masa hannu. Wannan a bainar jama'a aka yi, shi ya sa zan iya faɗa miki. Ya dubi hannun ya ce, "Yaya Ɗalhatu, na ci tuwon gidanka. Allah ya isa."

Na ce, "Wallahi ban faɗa wa kowa komai ba."

Ya ce, "To sunan wa aka kira a Kano?"

Ya sa takalmansa ya tafi, mutane suka dare masa, suka tsaya suna kallona.

Shaidar Abdulganiyyu na yi ta ne tun kafin a ba ni hannun kowa in riƙe. Da kin tambaye ni da na gaya miki. Amma ke ba tambaya kike yi ba, jarrabawa kike gyarawa da jan biro.

Waɗanda nake riƙe da su sun daina kirana. Akwai wanda da ba ya kwana biyu bai neme ni ba, yanzu wayarsa a kashe take. Ni na san abin da irin wannan shirun yake nufi, ke ba ki sani ba, duk da gwanintarki a fassarar shiru. Ranar Talata na shiga zaman, mai magana ya tsaya a tsakiyar magana, kowa ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya kore ni, ni na gane na tashi. Wurin nan shi ya riƙe ni tun da na zo ƙasar nan. Yanzu Asama'u ce take bina da ido duk inda na motsa, kuma ban ga laifinta ba.

Kin kare Badaru saboda kasuwarsa, kika miƙa ni saboda ni naki ne. Yanzu na gane abin da "nawa" take nufi a bakinki. Kin ce kin wanke amaina, gaskiya ne. Ban san a kwano kika adana shi ba sai ranar da za ki watsa wa ɗan wata uwar.

Mubashir ya bar ƙasar nan makon jiya. Ba Kano ya sauka ba, da wane ido zai shiga Fagge? Baffansa ya kira ni yana zagina yana tambayata inda yake. Ban sani ba.

Ɗalhatu

*

Gwammaja, Kano
15 ga Satumba, 2019

Ɗana Ɗalhatu,

Sallama. Da fatan kuna lafiya, kai da Asama'u da yara. Ni jinina ya hau, sau biyu ana kai ni asibiti bayan babbar sallah. Wannan takardar ta hannun Alhaji Ɗantani za ta zo maka, wani ɗan Kwari ne. Badaru ya daina gaishe ni, in ya hango ni sai ya canza layi.

Rashin kunyar da ka rubuto min na karanta ta, na bar ka da Allah. Ni uwa ce, abin da kowace uwa za ta yi na yi, kuma da za a maimaita... to, a bar wannan.

Aisha ba ta gaji ba. Ta daina kukan, ta daina magana da ni, sannan ta nemi aiki a wani asibitin ƙauye a bayan Zariya ta tattara ta koma gidan baffanta da ke can. Kafin ta tafi ta ce min yaron ya gaya mata tun watan Maris cewa akwai maganar da zai faɗa mata ido da ido in ya zo Disamba, ita kuma ta yi masa alkawarin za ta saurara har ƙarshe kafin ta yanke hukunci. Ta ce ni na hana ta ji. Ta ce in Yaya Ɗalhatu ya rubuto da hannunsa cewa shi ya faɗa min, za ta durƙusa ta ba ni haƙuri. In kuwa bai rubuto ba, to in san haihuwarta kawai na yi. Ni, a gaya min haka a tsakar gidana.

Uwar yaron ta zo. Ban san ta ba sai da ta faɗi sunanta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta zauna a dokin ƙofa ta ƙi hawa tabarma, tana ta maimaita tambaya ɗaya: "Hajiya, ina ɗana?" Har yau babu wanda ya ji ɗuriyarsa.

Alhaji Sanda kuma ya kai ni ƙara kan ɓata suna, an kawo min sammaci, za a zauna a watan gobe. An ce in zo da shaida. Badaru ya aiko cewa shi bai ga komai ba, yadi ya je saye.

Saboda haka layi biyu nake nema. Ka rubuta cewa yaron yana cikin zamanku, kai kake riƙe da shi, kuma kai ka sanar da ni. Yanzu wane asiri ya rage? Duniya ta riga ta ji, me kake rufewa? Na san gaskiya na faɗa. Na sani. Amma wani lokaci in ina zaune ni kaɗai sai zuciyata ta ce, to in rakiya yake yi maka fa? In wani nasa yake kaiwa fa? Ka cire min wannan daga rai, ka dawo min da 'yata. Ban taɓa roƙon ɗan da na haifa ba, yau ga ni ina roƙonka.

Gwaggonka,
Halimatus Sa'adiya

*

Abu Hail, Dubai
6 ga Oktoba, 2019

Gwaggo,

Na gaishe ki. Muna nan. Allah ya sauƙaƙa hawan jinin, ki riƙa shan magani a kan lokaci, ina so ki daɗe.

Kin ce babu asirin da ya rage. Akwai. Abin da duniya ta ji zatonki ne, da muryarki, da sunana a liƙe a jiki. Abin da na sani game da Mubashir, in ma akwai abin sani, yana nan inda yake tun ranar da kika fara tambaya. Shi kaɗai ne ba ki karɓe min ba.

Na yi tunanin Aisha ƙwarai, kuma tausayinta ne ya sa na daɗe ban amsa ba, ba naki ba. Na san layi biyu za su iya dawo miki da ita. Amma "ni na sanar da ita" ƙarya ce, ban sanar da ke ba. In kuma na rubuta wani abu a kansa yanzu, ko na wanke shi ko na shafa masa baƙi, zai ji a duk inda yake, kin ga yadda magana take tafiya. A ranar zai tabbata abin da ya zarge ni da shi gaskiya ne. Ba na kashe wayata, ko wata rana zai kira. In ya kira, ina so in iya rantse masa.

Tambayar da take cin ranki, ko rakiya yake yi, ko wani nasa yake kaiwa, ko kuwa shi ɗin ne, ki riƙe ta. Kowa ya sami rabonsa a cikin wannan magana, ke wannan ne naki.

In alƙali ya tambaye ki wa ya gaya miki, ki faɗi gaskiya, ba ta da tsawo: babu wanda ya gaya miki.

Ki gaida Aisha, in tana ɗaukar wayarki.

Ɗalhatu